Hoton Adila a Kan Yashi

Ana gab da magariba Misbahu ya jingine babur ɗinsa a gindin giginya, ya gangara bakin Kogin Haɗeja da waya a hannu. Hoto ɗaya ya zo gogewa. Ɗaya tak.

Da rani in ruwa ya janye, abokinsa Istifanus, malamin zane, kan tara jiƙaƙƙen yashi ya siffanta kada, ko kwalekwale, ko saniya a kwance. Misbahu ya ɗauki hoto ya ɗora a shafinsa na intanet. Masunta ba su hana ba, sharaɗi ɗaya suka kafa: duk abin da aka yi wa fuska a rushe shi kafin rana ta faɗi, kada mutanen ruwa su sami wurin shiga.

Shekaranjiya Istifanus ya siffanta Adila, 'yar Misbahu mai shekara biyar, tana barci. Sun rushe kuwa, har da tattakewa. Amma uban, da rawar kansa, ya riga ya ɗora hoton. Tun ranar yarinya ba ta farka ba. Numfashi kawai take, ga yashi a kitsonta, a kakkaɓe ya dawo.

Yagana mai bandar kifi ce ta tare shi ɗazu, ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

"Kun rushe na ƙasa, kun bar na waya duniya tana kallo. Sakarkaru! Je ka goge shi a inda ka ɗauka, tun rana ba ta faɗi ba."

To, ga shi ya iso. Kwaɗi na ta kuka, sai ɗif suka yi shiru. Ƙarnin ruɓaɓɓen kifi ya cika masa hanci.

Siffar tana nan. Lafiya lau, kamar ba a taɓa taka ta ba. Ƙirjin yashin yana hawa yana sauka.

Misbahu ya ɗaga wayar. Ya buɗe shafin, ya danna wurin gogewa. Shiru. Fuskar wayar ta jiƙe sharkaf, yatsansa sai santsi yake.

"Baba," aka ce can ƙasa-ƙasa, da muryar Adila. "Bar ni. Nan nake kwana yanzu."

Yashi ya haɗiye ƙafafunsa har idon sawu. Sanyi ƙalau.

Idanun siffar suka buɗe. Ruwa ne baƙi a ciki.

"Kai ka ba mu ita," wata murya ta ce, mai kauri. "Fita mana daga gida."

"Ƙarya kuke! 'Yata ce!"

Ya goga wayar a riga. Ya yi bisimilla. Ya danna.

Siffar ta zube rugum.

Da ƙyar ya fizge ƙafa, ya bar musu takalma, ya runtuma bai waiwaya ba.

Yana shiga gida ya tarar Adila zaune tana neman koko. Misbahu ya durƙusa ya yi kuka kamar yaro. Washegari ya rufe shafin, Istifanus kuma bai sake taɓa yashi ba.

Sai dai kafin a goge hoton, mutane da yawa sun riga sun sauke shi a wayoyinsu. Misbahu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Wasu suka goge, wasu suka yi masa dariya.

Har yau, kullum da safe matarsa Bushira kan share jiƙaƙƙen yashi daga ƙarƙashin matashin kan Adila. Kuma kullum yarinyar sai ta ɗan ƙara makara wajen tashi fiye da jiya.