Ƙodar Ruka da Magen Inna

"Wallahi babu inda magena za ta!"

Inna ce tsaye a tsakar gida, tana nuna surukarta Ruka da muciya. Ruka ta durƙusa.

"Inna, ba ni na faɗa ba, likita ce. Magungunan da Yaya Muntasir yake sha sun kwantar da garkuwar jikinsa don kada ya ƙi ƙodar. Yakushi ɗaya ma..."

"Rufe min baki! Don kin ba ɗana ƙoda sai ki mallake gidan? Mage dabba mai tsarki, tare da ita na raine shi. Wa zai tsare min buhunan dawa daga ɓera, ke?"

Wata biyar ke nan da yi wa Muntasir dashen ƙoda. Lokacin da ciwo ya kai shi ƙasa dangi kowa ya zame, matarsa ce ta kwanta aka yanka ta. Amma ɗan Adam, kai! Ɗinki bai gama warkewa ba har an manta.

Muntasir ya raba gardama: mage ta zauna ɗakin hatsi, shi kuwa ba zai leƙa ba.

Ranar da Ruka ta tafi suna garin Ibeto, Inna ta aike shi ɗauko mudu a ɗakin. Ashe magen ta haihu bayan buhuna. Yana miƙa hannu ɗan mage ya yakushe shi. Inna ta shafa masa toka.

"Saura ka gaya wa matarka ta tara min jama'a."

Ya ja hannun riga ya rufe, ya ɓoye wa Ruka.

Bayan sati uku zazzaɓi ya kwantar da shi, ga kaluluwa a hammata kamar ƙwan zabo. Ya rame, ya fita hayyacinsa. A gaban 'yan dubiya Inna ta ce, "Ƙodarta ce ba albarka! Yana tashi zai sallame ta."

Maganar ta soki Ruka har rai. Ta shiga bayi ta ci kukanta, ta wanke fuska, ta dawo ta ci gaba da ba shi kunu.

A asibiti Dokta Rhoda ta daɗe tana duba kaluluwar.

"Mage ta yakushe shi? Akwai ƙwayar cutar da ƙuma ke bar mata a farce. Mai lafiya yakan warke, amma ga irinsa tana shiga jini har hanta. Ku gaya min gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Dokta, ko kusa da ita bai je ba," in ji Ruka. "Na rantse, Yaya ba ya ɓoye min komai."

Muntasir ya juya fuska bango, hawaye na bin kunnensa. Inna ta dubi yarinyar nan da ke rantsuwa a kan ƙaryarsu.

"Ni ce!" Ta fashe da kuka. "Ni na aike shi, ni na ce ya yi shiru!"

An ceto ransa da ƙyar. Amma sai da aka rage magungunan dashen don jiki ya yaƙi cutar, jikin kuwa ya juya ya ƙi ƙodar. Muntasir ya koma wankin ƙoda sau biyu a sati.

Inna da kanta ta sa magen da 'ya'yanta a kwando ta kai su can garin Sahon Rami ta baro su. Da ta dawo, ta zube gaban surukarta.

"'Yata, ki yafe min. Naman jikinki na zubar."

Ruka ta ɗaga ta. "Tashi, Inna, na yafe. Ɗaya ta rage min, da ana bayarwa da na ba shi."

Tun daga ranar babu mai ɗaga wa Ruka murya a gidan, haƙurinta ya saya mata uwa. Ku kuwa masu jinya, ku ji: biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta kai a ɓoye wa likita ciwo ba. Toka ta rufe yakushi, ba ta dawo da ƙoda ba.