Mai Tashin Hodi Ran Lahadi

Baiwa ta fara ganin Hodi ne a sakatariyar Birnin Kebbi, lokacin jiha tana sabuwa, ko kujerun ofis ba sa isar ma'aikata. Ya tashi ya ba ta tasa.

"Yesu ya saka maka," ta ce.

Sai da ya waiga hagu da dama, sannan ya ce "Amin" can ƙasan maƙoshi.

Waigen nan ya tsaya mata a rai. Ita 'yar Zuru ce, a gidansu da sunan Yesu ake gaisuwa, da shi ake sallamar baƙo. Ba ta ma san Hodi Kirista ne ba sai da ta hango shi a coci. So kuwa bai jira ta gama mamaki ba, kafin kaka ta yi har Hodi ya fara kiranta "Baiwata".

Da maganar aure ta taso, babanta ya ce atafau bai yarda ba. "Wanda ke ɓoye Ubangijinsa, ke ma wata rana zai ɓoye ki."

Ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tana son Hodi, tana kuma tsoron babanta ya yi gaskiya. Ranar da abin ya ishe ta ta tare shi.

"Kunyar Yesu kake ji?"

"Baiwata, taho mu tahi Argungu ki ga gidanmu."

Gidan kaf Musulmi ne. Marigayi babansa kaɗai ya zama Kirista, gwaggonsa Inno ce ta raine shi. Da aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, Baiwa ta ɗaga murya da gangan ta yi addu'a, ta rufe da sunan Yesu, idonta a kan Hodi. Kowa a tsakar gida ya juyo ya dube ta. Nan take nadama ta kama ta.

"Kin ƙare, ɗiyata? To ci, tuwo na hucewa," in ji Inno. Ta nuna Hodi da ludayi. "Wanga yaro, tun shina ƙarami ni ka tashe shi ran Lahadi, in wanke mai riga, in raka shi har bakin coci in dawo. Amanar ƙanena ce. Mu nan ba mu yawan hwaɗi, kowa ya san na kowa."

Baiwa ta ci tuwon da hawaye. Ta kwashe labarin ta kai wa babanta. Washegari tsohon ya hau mota zuwa Argungu da kansa, ya dawo ya sa rana.

Ran biki Inno ta tsaya a bakin ƙofar coci da mayafinta, inda ta saba tsayawa. Fasto ya tambayi ango ko ya yarda, ango ya amsa can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, Hodi, surukinka bai jiya ba," Inno ta faɗa daga ƙofa.

Coci ya ɗauki dariya, har da baban amarya da ke ta sa albarka.

"Na yarda, cikin sunan Yesu," Hodi ya ce da ƙarfi.

Baiwa ta zuba masa ido. Wannan karon bai waiga ba.