Ta Hagu Yake Shiga

"Diam! Jangan gerak! Kowa ya kwanta, na ce kowa ya kwanta!"

Kalilu ne ke ihu, rabi da yaren Malay rabi da Hausa, sai ka ce 'yan matan shagon gwal ɗin nan na Cheras a Fagge aka yi goyonsu. Amma sun gane. Su biyu suka zube bayan kanta. Tsohon Basinen mai shagon ya ɗaga hannuwa sama, tabarau ya zamo masa kan hanci. Hantsi ne, rana tarwai, a waje wata mata tana ta cinikin ayaba.

Fatihu ya ɗaga guduma. Tass! Gilashi ya watse. Sarƙoƙi, awarwaro, zobba, yana kwasa yana dannawa a jakar goyo.

Najib aikinsa ƙofa. An ce ya sa ido a kan titi, amma ko sau ɗaya bai kalli titin ba. Idonsa na kan bakin bindigar Kalilu, inda wani sabon ƙarfe yake zaune a karkace. Ba ya jin tsoro. Ba ya jin komai ma. Abu ɗaya yake ta maimaitawa a ransa: kada ta tashi, a fita da Fatihu lafiya.

Najib da Fatihu taubasai ne. Fatihu ɗan Gwaggo Turai ne, ƙanwar mahaifin Najib, don haka tun suna yawo ba wando yake kiran Najib "bawana". Jirgi ɗaya ya kawo su karatun injiniya a wata kwaleji a Setapak, can ƙasar mutanen Malay. Karatu ya lalace, takardun zama suka mutu, kunya ta hana su faɗa a gida. Fatihu ya koma jigilar ɗalibai da motar aro, Najib kuma gyaran fanka da tukunyar dafa shinkafa. A haka Kalilu ya same su. Shi bai daɗe da sauka ƙasar ba, ko sunayen tashoshin jirgin ƙasa bai gama riƙewa ba, amma baki gare shi kamar mai tallan magani. Ya ce aiki ɗaya, a wuce wurin, kowa ya koma gida da mutuncinsa.

Ana jibi za a fita, bayan la'asar, suka haɗu a ɗakin Najib da ke saman wani gidan abinci da ake kira mamak. Ruwa na zuba, ƙamshin roti na hawowa ta taga. Kalilu ya zaro bindigar daga buhun shinkafa. Tsohuwa ce, ta sha duniya. Ƙarfen da ake ɗaurawa a bakinta don rage ƙara ya tsage, ya samo sabo a hannun wani da ya ƙi faɗin sunansa.

"Engineer, zo ka nuna mana karatun naka. Tun jiya nake fama, ya ƙi shiga. Thread ɗin too tight."

Najib ya karɓa. Ya ɗora, ya murɗa dama yadda ake murɗa kowane noti. Ƙarfen ya ciji, ya tsaya cak. Ya cire, ya mai da shi hannun hagu bai ma sani ba, ya shafa haƙoran da babban yatsa.

Najib bahago ne. A gida an sha ƙwala masa ludayi a hannun nan har ya koyi cin tuwo da rubutu da dama, amma wajen ƙarfe hagun bai taɓa yarda ya ba da wuri ba. Kuma yatsan nan ya gaya masa gaskiya nan take: haƙoran a juye aka yanka su. Ba matsewa suka yi ba. Ta hagu abin yake shiga.

Tas! Kalilu ya doke masa hannu.

"Kai! Wane irin iskanci ne wannan? Da hagu za ka taɓa min kayan aiki?" Ya shafa layar da ke damtsensa. "Malamina ya ce komai da dama. Ƙafar dama, hannun dama. You wan spoil my work?"

Fatihu ya tuntsure da dariya. "Oga, yi haƙuri da bawan nawa. Haka aka haife shi, a juye."

Najib ya buɗe baki. Maganar tana kan harshensa. Sai wani tunani ya riga ta. Duk ɗalibin da ya kwana biyu a ƙasar nan ya ji ana faɗa: fashi daban, harbi daban. In bindiga ta tashi, ba wanda ya ja kunamar kaɗai ke ganin igiyar rataya a mafarki ba, har waɗanda suka shiga tare da shi. To in ƙarfen ya zauna a karkace fa? Ko dai ta ƙi tashi, ko Kalilu ya ji tsoron gwadawa. Ta zama abin tsorata 'yan mata kawai. Wayo ne irin na wanda ya yi rabin karatu, kuma a lokacin ya yi masa kyau ƙwarai.

Ya haɗiye maganar. Ya tura hannun hagu cikin aljihu.

Kalilu ya tsiyaya baƙin mai, ya kama da filaya, ya danne bindigar da gwiwa, ya murɗa dama da iya ƙarfinsa. Ƙarfe ya yi ƙara mai sa haƙori tsami. Ɓarɓashi ya zubo kan ledar ɗaki. Ya ƙara murɗawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Abin ya shiga rabi, ya kafe, ba gaba ba baya.

"Ka gani? Ƙarfi yake so, ba turanci ba. Boleh lah!"

A matakala, da Kalilu ya yi gaba, Najib ya riƙo rigar Fatihu.

"Mai gadinsu ta dama yake zama, bakin ƙofa. In mun shiga ka tsaya ta hagun Oga. Kada ka matsa daga nan."

"Tun yaushe bawa ya fara ba ubangidansa oda?"

"Gwaggo ce ta ce in kula da kai."

"Ƙarya kake, ni ta ce wa in kula da kai."

Dukansu gaskiya suka faɗa. A filin jirgin Kano ta ja kowannensu gefe, ta gaya masa a kunne.

To ga su yanzu a shagon. Fatihu na hagun Kalilu, daidai inda aka ce ya tsaya. Kujerar mai gadi ba kowa, sun jira sai da ya tsallaka sayen shayi sannan suka faɗa ciki.

A ƙarƙashin kanta, ɗaya daga cikin 'yan matan, Nuriyya, tana kwance da kumatu a kan tayil mai sanyi. Bakinta na motsi da salati. Ƙafarta kuwa tana lalube, tana lalube, har babban yatsa ya sami maɓallin kiran 'yan sanda. Ta danna. Layi biyu daga nan, wani sajan ya ajiye kofin gahawa bai ƙarasa ba, ya ce da direbansa su tafi.

"Sauri, Fatihu! Wancan ma! Fasa shi!"

Tass!

Ƙofa ta buɗe a bayan Najib. Da yana kallon titi da ya gan shi tun daga nesa. Mai gadin ne, dattijo mai furfura a gemu, ledar shayi a hannu ɗaya, doguwar bindigarsa rataye a kafaɗa. Ya tsaya turus.

Kalilu ya juyo. Najib ya ga yatsansa yana hawa kunamar.

"Oga, kar ka—"

Daram!

Ba ƙarar harbi ba ce. Ƙarar abu ce da ya fashe. Hayaƙi ya turnuƙe. Ledar shayi ta faɗi, dattijon ya zube da baya ta ƙofa, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Kalilu ya yar da bindigar yana yarfa hannu, jini na feshi a gilashi. Bakin bindigar ya dare kamar ɓawon rake, sabon ƙarfen babu shi.

Fatihu ya ajiye gudumar a hankali. Ya zauna a ƙasa, shi ma a hankali, kamar wanda ya gaji da tsayuwa. Ya kai hannu wuya. Jini ya biyo tsakanin yatsunsa.

"Ɗauko jakar! Bar shi, ɗauko jakar!"

Najib ya wuce jakar. Ya sa hannu ƙarƙashin hamatar Fatihu, ya ja. Kalilu ya zage shi ta uwa ta uba, ya suri jakar da kansa, ya yi waje da gudu.

Motar na bakin titi, a kunne. Fatihu ne direba, shi ya san lungunan Cheras kamar tsakar gidansu. Kalilu bai taɓa tuƙi a ƙasar nan ba. Ya fizgi ƙofar hagu ya faɗa ciki, ya miƙa hannu, babu sitiyari! Yana can ɗaya gefen. Ya ƙunduma ashar, ya tsallaka kan giya da jaka da jini da komai. Wannan 'yar daƙiƙar ce ta ba Najib damar tura Fatihu kujerar baya. Da ba don haka ba, a nan zai bar su, ko waiwaye ba zai yi ba.

Jiniya ta fara tasowa daga nesa.

Kalilu ya take totur. Taya ta yi ƙara. Ya fito babban titi, ya karya kan mota, ya miƙe a hannun dama, yadda ya saba tun daga Zoo Road har Zariya.

Najib ya ɗago kai. Motoci na tahowa, duk fuskarsu ta nan. Babur ya kauce, wata ta hau kan dakali, oda ta ko'ina.

"Hagu! Oga, hagu! Ta hagu ake bi!"

Sai yanzu kalmar ta fito.

"Yi min shiru, ɗan—"

Bas ce, doguwa, ta cika gilashin gaba. Direbanta ya taka burki, ta yi kuka, ta ja ƙafa. Gwaram!

Daga nan komai ya yi wa Najib nisa. Ya ga tururi na tashi daga gaban mota. Ya ga Kalilu ya fita ta taga yana ɗingishi, jaka a ƙirji. Ya ga wasu masu kai abinci a babur sun tare shi gindin ginshiƙin gadar jirgin ƙasa, sun danne shi da hulunan kwano, sarƙoƙin gwal sun tarwatse a kwalta ba wanda ya sunkuya. Duk yana gani kamar a talabijin ɗin maƙwabta.

"Polis! Keluar! Angkat tangan!"

Sun ce ya ɗaga hannu. Ya ɗaga na dama. Na hagun yana danne a wuyan Fatihu, jini na ɓulɓulowa a ƙarƙashinsa, da ɗumi, yana raguwa.

Fatihu ya buɗe ido. Ya yi ƙoƙarin murmushin nan nasa na tsokana, bai fito ba.

"Bawa."

"Na'am."

"Ka ga dai na tsaya inda ka ce."

Idon ya koma ya rufe. Sai da 'yan sanda biyu suka haɗu kafin suka ɓamɓare hannun Najib daga wuyan.

Washegari da rana, a asibiti, Najib na kwance da karyayyen haƙarƙari, an ɗaure hannunsa na dama da ankwa a jikin ƙarfen gado. An kawo shinkafa ta huce a wurin. Wata sufeto mai ɗankwali ruwan toka ta jawo kujera ta zauna. Ba ta da faɗa, da turanci take magana a hankali, kamar malamar firamare.

Ta ce Fatihu yana ɗakin ajiye gawa. Kalilu ya rasa yatsu biyu, amma bakinsa lafiya lau: tun daren jiya yake ba da labari. Ya ce Najib ne shugaba, shi ya samo bindigar, shi ne injiniyan da ya ɗaura mata ƙarfen, shi kuwa tsautsayi ne ya sa ya raka su. Dattijon mai gadi ya ce ba zai ƙara komawa aiki ba.

Najib ya saurara. Ya nemi haushin Kalilu a ransa, bai samu ba. Ya nemi kuka, shi ma babu.

Ta ɗora leda biyu a kan gado. A ɗaya akwai guntun ƙarfe, baƙi, haƙoransa duk sun cinye. Likita ne ya ciro shi daga wuyan Fatihu.

"Mutuminmu ya duba. Ya ce wannan ta hagu yake shiga, da yatsa biyu ma zai zauna. Wani ne ya tilasta shi ta dama. Kai ka yi karatun injiniya. Ba ka sani ba?"

"Na sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

Najib ya kalli silin. "Ina so in kai Fatihu gida."

Ba ta gane ba, ta dai rubuta.

A leda ta biyu wayoyi ne guda biyu, tasa da ta Fatihu. Ta Fatihu ta kawo haske, ta yi ta rawa a cikin ledar. Umma. Ta katse. Ba a jima ba tasa ta ɗauka. Gwaggo Turai. Haka take yi kullum, in ɗaya bai ɗaga ba sai ta nemi ɗayan.

"Tun safe take kira," in ji sufeton. "Wace ce?"

 Najib ya jira har hasken ya mutu. Sannan ya ɗago hannunsa na hagu daga cikin bargo. An wanke shi, amma akwai sauran jini a ƙarƙashin farce. Ya miƙa mata shi.

"Madam, don Allah a sauya ankwar. Wannan za a ɗaure."