Layin Da Nu'uman Ya Tsallake

"Ki bari sai bayan ɗaurin aure, Salmata. Wata biyu ne fa kacal..."

Nu'uman na jingine da babur ɗinsa a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar ma'aikata. Ummusalma ba ta dube shi ba, ta dai ƙara rungume fayil ɗinta.

Daminar farko ce bayan soja sun koma bariki, Katsina ta yi shar, kowa na jin kamar an buɗe masa taga. A ofishin da take buga tafireta an manna sanarwa: ma'aikaci mai doguwar jinya zai iya neman taimakon magani da sassaucin lokacin aiki, in ya kawo takardar likita.

Tana da takardar. Shekara uku ke nan tana fama da ciwon damuwa. In ya taso, sai ta ji duniya ta yi nisa, kamar daga ƙasan rijiya take jin muryoyin mutane. Gwaggonta Asabe, wadda ta raine ta, ta ce iska ce. Mutanenmu ke nan. In aljani ya taɓa yarinya sai a tausaya, a kawo turare, a kawo lefe. In likita ya ce ƙwaƙwalwa ce, sai a naɗe tabarma. Aljani dai ba ya shiga fayil.

"Baffana ne a ofishin ajiye fayil," in ji Nu'uman. "Yana gani, Hajiyata ta ji kafin la'asar."

"To ta ji."

"Salma..."

"Ka san abin da akawu ya ce min? Wai in ciwon gaske ne me nake yi a ofis, in kuma ina iya aiki me nake nema. Kai ma haka kake so? Ko lafiya lau, ko ba aure?"

"Wallahi ko a ƙasan rijiyar kike, zan zauna a bakinta in jira ki."

Zuciyarta ta narke, amma ƙafarta ba ta tsaya ba.

"Kai na yarda da kai. Amma ba zan shiga gidanku da mayafin wata ba."

Ta miƙa fayil ɗin a ranar, ta ba Nu'uman kwafin takardar likitan, ta riƙe ɗaya.

Bayan kwana uku saƙo ya zo daga unguwar Kambarawa: Hajiya Furera, mahaifiyar Nu'uman, na son ganinta, kuma ta taho da takardar. Abin da ba a saba ba, budurwa a gaban uwar saurayi kafin a kai ta. Gwaggo Asabe ta rako ta, tana yi mata huɗuba tun daga Ƙofar Ƙaura.

An yi yayyafi da hantsi, tsakar gidan na ƙamshin ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi gida da damina, aka sake gaisawa. Ummusalma na gefen tabarma, kai a sunkuye.

"Hajiya, ai iska ce," Gwaggo ta fara. "Tun ranar da ta zubar da ruwan zafi a bakin magudana..."

"Asabe, bar iskar nan ta huta." Hajiya ta juyo. "Ɗiyata, ni ban yi boko ba. Karanta mani, ki mai da shi Hausa."

Ummusalma ta warware takardar. Ta ga hanya a buɗe: ba mai jin Turanci a nan sai ita. Ta rufe ido ta ga ɗakin da suka sha zanawa da baki, labule ruwan ƙwai, tagar da ke kallon bishiyar lemo, Nu'uman yana shigowa da ruwan sama a kafaɗarsa. Layi ɗaya kawai za ta tsallake, ɗakin ya zama nata.

Ta buɗe ido. Ta karanta sunan ciwon. Ta karanta cewa an taɓa kwantar da ita mako biyu, cewa tana shan magani, tana kuma aikinta yadda ya kamata. Ta ci gaba.

"Ciwon yana iya dawowa... musamman bayan haihuwa. A lokacin za ta buƙaci wanda zai tsaya a kanta."

Gwaggo ta dafe kai. Hawayen Ummusalma ya ɗiga a kan hatimin likita.

Hajiya ta juya wajen zaure. Sannan ta ɗaga murya kaɗan.

"Kai da ke laɓe a zaure, shigo."

Nu'uman ya shigo ya durƙusa, hula a hannu.

"Jiya ɗan nan ya karanta mani wannan takarda. Takarda cike da rubutu, ya gama ta cikin numfashi biyu. Ban yi boko ba, amma ina da ido. Mi ya sa ka cinye rabinta?"

"Hajiya... tsoro na ji."

"Ita ba ta ji ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ummusalma ta saci kallonsa, ba ta san ko fushi za ta yi ko dariya ba.

"Ɗiyata, maimaita mani na ƙarshen."

"Za ta buƙaci wanda zai tsaya a kanta."

"To likita bai faɗi sunan mai tsayuwar ba." Hajiya ta karɓi takardar, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin matashinta. "Asabe, wankan jegon fari a gidanku ake yi, na sani. Wannan karon sai ki shimfiɗa tabarma biyu, da ni za a yi arba'in ɗin."

Yayyafin ya dawo, siriri, yana taɓa kwanon rufi kamar yatsu a kan tafireta. Ummusalma ta ja mayafi ta rufe fuska. A karon farko cikin shekara uku, muryoyin duk kusa take jin su.