Ɗigon da Tasi'u Ya Goge

Ku matso. Hajjo, rage fitilar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, mutumin yana nan da ransa.

Kun san Tasi'u na gidan Kawu Bawa, wanda ba ya ɗaga kai sama? Da can ilimin taurari yake karantawa a jami'a. In ya zo hutu sai ya ɗauki kyamara da kwamfuta ya haye dutsen bayan gari, shi kaɗai. An yi masa faɗa har an gaji. Kunnen ƙashi gare shi.

Manhajoji ne cike da kwamfutar. Wata ta haɗa hotuna masu yawa su zama ɗaya, wata ta auna hasken tauraro. Amma wadda ya fi so ita ce mai share datti. Duk ɗigon da ya motsa a hoto, goge shi take yi, ba ta tambaya. Shi kuma da ya ga hoto ya fito fes, sai ya zubar da na asalin, wai wuri ya cika.

Ran nan yana zaune a kan dutsen, ya gama gyara hoton taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta. Gyare suka yi tsit.

"Salamu alaikum."

Wani tsoho ne a gabansa. A gabansa fa. Amma muryar daga bayan ƙeyarsa ta fito.

Tasi'u ya amsa.

"Samari, ina 'yata?"

"Baba, ban ga kowa ba."

"Ta ratsa nan da fitilarta. Akwatinka ya kama ta. Har yanzu ba ta iso gida ba."

Tasi'u ya dubi kwamfutar. Ya tuna wani ɗan ɗigo ja da ya gifta ta gefen hoton. Ya ɗauka jirgi ne.

"Baba, wallahi na zaci datti ne."

"Datti." Tsohon bai ɗaga murya ba. "Dawo min da ita kafin kiran assalatu. In ba haka ba, abin da ka ɗauke min zan ɗauka a idonka."

Ya buɗe wannan manhaja, babu. Ya buɗe waccan, babu. Ya duba kwandon shara na kwamfutar, da hannunsa ya zazzage shi ɗazu. Katin kyamara ma wayam. Yana dannawa yana kuka, gumi na ɗiga a kan madannai. Tsohon ya tsuguna a gefensa yana leƙa allon, shi ma hawaye yake yi. Ni wannan ne ke karya min zuciya. Ba mugu ba ne, uba ne kawai.

Can ƙasa ladan ya gyara murya.

Wani sanyi ya shafi idon Tasi'u, kamar an ɗiga masa ruwan randa. Da ya buɗe, ba kowa.

An kai shi asibiti, likita ya ce idonsa lafiya lau. Malamai sun yi rubutu, ya sha har ya gaji. Yana ganin ku, yana ganin wata, yana zura zare a allura. Taurari ne kawai babu. Ko a hoto, baƙi yake gani. Karatun nan ya tsaya.

Shekaranjiya na same shi a ƙofar gida bayan isha'i. Ya ce, "Yaya Lantana, sun fito?"

Sama cike take maƙil da taurari. Na ce, "Hadari ne yau."

Kada wanda ya kuskura ya hau dutsen nan shi kaɗai. Hajjo, ƙaro fitilar.