Mai Fito da Tsoron Kogi

Can da daɗewa, an yi wani mai fito da kwalekwalensa ya kife a tsakiyar kogi. Ya tsira, amma ko ƙarar ruwa ya ji sai jikinsa ya ɗau ɓari.

Ya je wurin wata tsohuwa mai magani, ya ce, "Inna, tsoro ya hana ni sakat."

Ta ce, "Zauna, ɗana, ba ni labarin ranar."

Ya ba ta yana kuka. Washegari ya sake ba ta. Kullum sai ta raka shi, su ƙara matsawa kusa da kogin.

Ran da ya ƙetarar da ita, ya ce, "Inna, gabana na faɗuwa, amma na kawo ki!"

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa.