Waƙar Ya Kellu

A kasuwar shanu ta Potiskum Ashraf ya fara ganinta. Ya saita kyamara yana ɗaukar wani bijimi, sai ga wata budurwa ta ratso gabansa riƙe da makirfo, tana bin wani dillali da tambaya.

"Malama, kin shiga min hoto."

"Ai gyara maka shi na yi," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Muryar ya fara ganewa. Mairam ce, mai gabatar da shirin mata a gidan rediyon garin, wadda mahaifiyarsa ba ta ɗora tukunya sai da ita a kunne. Shi kuwa ɗan gidan Kanawa ne masu shagon atamfa, ya ƙi zaman shago, ya buɗe shafi a intanet yana saka bidiyon al'adun gari. Bawan Allah ya bar bijimi a tsaye, ya bi ta har bakin titi, wai shawarar aiki yake nema. Shawara kuwa ta yi albarka, don kafin damina ta fita ya koma Ɗan Kyamara a bakinta, ita kuma Muryata.

"Muryata, na saurari shirinki na yau," ya rubuta mata. "Ban riƙe ko ɗaya a kan tsadar taki ba, ni dai na ji daɗi."

"Ɗan Kyamara, ka ji tsoron Allah. Ka ci abinci kuwa?"

Gidansu Mairam a unguwar Bolewa yake, asalinsu mutanen Barno ne. A can kakarta Ya Kellu take, tsohuwar da duk amaryar dangi ita ke wanke mata kai, tana rera wata waƙa da Barbarci wadda mata kaɗai ke ji a cikin gida. Mairam na tsoron kada waƙar ta tafi tare da mai ita, ta yi ta lallashi har tsohuwa ta yarda Ashraf ya zo da kayan aikinsa.

"Murya kawai," in ji Ya Kellu. "Kuma a gidan nan za ta zauna."

Ta fara. Ashraf bai jin Barbarci ko na sayen goro, amma tsigar jikinsa ta tashi. Kyamara na kunne, yana sane, bai kashe ba. Da ya koma gida ya kalla, sai zuciya ta raya masa ai zalunci ne a ɓoye wa duniya irin wannan. Ya saka a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: wannan ce dukiyarmu.

Duniyar kuwa ba waƙa ta ɗauka ba. Wasu samari suka yanko inda tsohuwa ke bayani da Hausarta mai ɗauke da harshen Barno, suka ɗora mata kiɗa. Kafin sati ya zagayo, a keke ana kunnawa, a majalisa ana ƙyaƙyatawa. Ya Kellu ta je suna a garin Mamudo, 'yan mata suka kwaikwaye ta a gabanta, ba su ma san ita ce ba. Ta yafa mayafinta ta dawo gida ba ta ci abincin sunan ba.

Da manyan Ashraf suka je neman aure, Malam Idrisu, mahaifin Mairam, ko ruwa bai bari sun gama sha ba.

"Wanda ya kai uwata kasuwa ba zai fitar min da 'ya daga gida ba."

Har ya fara zancen haɗa ta da Amir, ɗan ƙaninsa na Damagum. Mairam ta daina ɗaga waya. Ashraf ya goge bidiyon, amma ina, yana cikin wayoyin da bai san adadinsu ba. Nadama ta ci shi har ya tsani ganin kyamarar.

"Muryata, ba ni da hujja," ya rubuta. "Na so mutane su ji abin da na ji, na ci amanar mai abin. Ko ba za ki aure ni ba, ki roƙa min Ya Kellu in zo in durƙusa."

Sai washegari ta amsa: "Ka zo bayan la'asar. Kada ka shigo da waya."

Ya tarar da Ya Kellu zaune gaban kaskon turaren wuta. Ya durƙusa, ya ajiye mata ɗan katin kyamarar da asalin waƙar ke ciki. Ta juya shi a tafin hannunta, ta jefa cikin garwashi.

"Yaro, waƙar nan uwata ta zuba min ita a kai ranar aurena. Ba ta masu wucewa ba ce." Ta ɗaga murya ta kira ɗanta. "Idrisu, ni aka yi wa, na kuma yafe. Yarinyar nan ramewa take, har a rediyo ina jin haka. Ka ba shi."

"Ya Kellu," Ashraf ya ce a hankali, "za ki yi wa Mairam waƙar ranar aurenta?"

"Na yafe maka, yaro. Amma da na buɗe baki, dariyarsu nake ji."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, aka ci aka sha, dangi suka cika unguwa. Da aka kawo amarya 'yan rakiya suka watse, ya zauna kusa da ita, ƙamshin gashinta ya cika ɗakin.

"Muryata, ta yi waƙar?"

Mairam ta girgiza kai.

"Da hannunta ta wanke min, a hankali, kamar tana wanke jaririya. Mata suka yi tsit suna jira, har ruwan ya ƙare. Sai ta dafa kaina ta ce Allah ya zaunar da mu lafiya, ya ba mu 'ya'ya masu riƙon amana."

"Amin," ya ce, hawaye na zubo masa.

Ta kama hannunsa ta riƙe gam.

"Ya isa, Ɗan Kyamara. Ni na zaɓe ka, kuma ban fasa ba."

Allah ya amsa addu'ar tsohuwa, ya sa albarka a gidan. Amma a duk zuriyarsu Mairam ce amarya ta farko da aka wanke wa kai a cikin shiru, kuma Ashraf ya san ba ita ce ta ƙarshe ba.